Jirgin Nutso a Tsakar Gidanmu

Maigidana bai taɓa shiga jirgin ruwa ba. A wani ƙauye na ƙasar Damagaram aka haife shi, inda sai an haɗa igiya da igiya kafin guga ta taɓa ruwa, kuma ta sama ya zo Jidda. Ranar da na fara kai shi bakin teku bayan aurenmu, can nesa ya tsaya riƙe da takalmansa, wai iskar wurin tana sa shi mura. Amma duk wanda ya zauna a layinmu na Waziriyya a farkon shekarun tamanin, in ka tambaye shi gidan Kyaftin, hannunka zai kama ya kawo ka ƙofarmu.

Asalin abin daga wurin aiki ne. Shi mai gyaran famfo ne, ya samu shiga wani kamfani da ke shimfiɗa bututun ruwa, shugaban aikinsu kuma wani dattijon Bajamushe ne da ba ya dariya. Shayi ne ya haɗa su. Maigidana ko a kan wuta aka ɗora shi sai ya nemi inda zai girka butarsa, Bajamushen ya ɗanɗana sau ɗaya, shi ke nan ya zama ɗan gida. Da gurgun Faransanci suke hira, su cike da Larabcin kasuwa, abin da ya gagara su ƙarasa da hannu. A nan ne ya nuna wa maigidana hoton mahaifinsa, wanda ya yi aikin inji a wani jirgin yaƙi mai nutsewa ƙarƙashin teku tun zamanin yaƙin duniya na farko.

Daga ranar ban sake cin abincin dare cikin natsuwa ba. Ni a Jidda aka haife ni, a tsohuwar unguwar Balad na girma, na san jirage tun ina goye, amma sai ga mutumin tudu yana koya mini teku. Jirgin, in ji shi, ba shi da suna, lamba aka ba shi kamar motar haya. Yana cikin na farko-farko da Jamusawa suka ƙera tun kafin yaƙin, kuma da kananzir injinsa yake aiki, kamar rishon girki. In yana tafiya a saman ruwa, farin hayaƙi yake turnuƙewa ta wani dogon bututu, ga ƙara, har abokan gaba su hango shi tun daga nesa. Sai sun kwantar da bututun nan sun kashe inji kafin su nutse, a ƙasa kuma da batir suke tafiya. A nan maigidana yake ɗaga yatsa ya dubi yara ɗaya bayan ɗaya, ya ce a ƙarƙashin ruwa ba a hura wuta. Ya faɗi wannan magana ya fi a ƙirga, ku riƙe ta.

Mutanen cikinsa a matse suke kwana, wasu ma a gefen bama-baman da za su harba. Gumin ƙarfe yana ɗiga a fuskarsu, burodinsu ya yi funfuna, komai warin kananzir. Manyan sojan ruwa ba su ɗauki jirgin da wata daraja ba. Sai ga shi a farkon yaƙin, wata safiya, ya nutsar da manyan jiragen Ingila uku kafin rana ta take. Wannan safiyar ita ce ran labarin a wurin maigidana. Da cokula yake jera jiragen Ingilan a kan tabarma, ludayina shi ne jirgin Jamus, ya shigo ta ƙarƙashin faifai. Yara su yi ta tsalle, miya tana sanyi.

Wata rana na gaji, na tambaye shi ƙarshen jirgin. Ya ɓata rai kamar na tambayi shekarunsa. Da ƙyar ya faɗa mini cewa da aka ƙera sababbi, an janye shi daga fagen fama an mai da shi makarantar koyon nutso, da yaƙi ya ƙare kuma Jamusawa da hannunsu suka miƙa shi ga Ingila, aka yanyanka shi aka sayar da ƙarfen. Ya ce ƙarshen banza ke nan, jarumi bai kamata ya ƙare a hannun 'yan gwangwan ba. Na ce to shi mahaifin Bajamushen fa? Ya ce gida ya koma, ya yi aure. Na ce ai ni nan ne labarin ya yi mini daɗi, don da ya nutse da jirgin, wa zai haifi mai shan shayinka? Ya ce mata ba su san tarihi ba. Ban kuma gaya masa cewa tausayin mutanen jirage ukun nan nake ji ba, don su ma da iyayensu.

Aikin bututu ya ƙare, Bajamushe ya koma ƙasarsu. Ba a daɗe ba kafilin maigidana, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa a kan takardar zama, ya rasu, magada suka shiga rabon gado, babu mai lokacin takardar wani mai gyaran famfo. Iƙamarsa, takardar zaman ke nan, ta mutu a aljihunsa. Ni da yara yayana ya yi ta faɗi-tashi har tamu ta tsaya, ta maigidana ce ta ƙi. Ya ci gaba da ɗan aikinsa a gidajen unguwa, yana tafiya yana waiwaye. Duk wanda aka kama ba takarda, ƙasarsu ake mai da shi, kuma kowa ya san dawowa ba wasa ba ce. Ni kuwa ban taɓa taka Nijar ba, manyan yaranmu uku suna makaranta, ƙaramar ko yaye ta ban yi ba. Tsoro nake ji ƙwarai, shi ma haka, sai dai shi tsoronsa dabara yake haifarwa.

A tsakar gidan da muke haya akwai tsohon tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, irin wanda motar wayit mai kawo ruwan sayarwa take cikawa. Ya tsage tun kafin mu tare, mai gidan ya gina sabo ya bar wannan a bushe. Ɗaki ne sosai, mutum zai miƙe tsaye a ciki, da murfin ƙarfe a sama. Na fito wata safiya na tarar da ƙafafun maigidana suna shigewa ciki. Da ya fito, ƙura har gira, ya ce mini an gama, ya samu jirgi.

Sauran mazan unguwa in an ce ga masu kame, wani ya hau rufi, wani ya shige bayan buhunan shago, wani ya sa abayar matarsa ya zauna yana tsintar shinkafa. Nawa mijin sai ya tsaya ƙira. Ya share tankin ya shimfiɗa tabarma. Ya saka tsani. Ya fasa gefe ya fito da bututun iska ta jikin bango, a cikin sauran bututan ruwa, yadda ba wanda zai ce ba na famfo ba ne. Sannan ya haɗa bututun leƙe, mai gwiwa sama da ƙasa, da madubi a kowace gwiwa, yana juya shi daga ciki yana ganin tsakar gida. Madubin nawa ne, na kayan aurena. Ranar da na ga an yanke masa kusurwa biyu, maƙwabta sun ji muryata har bakin titi. Ya ce in yi haƙuri, yaƙi ake yi.

Abu ɗaya ne muka yi jayayya a kansa da gaske, shi ne sakata. Ya yi wa murfin sakata ta ciki, mai kauri. Na ce ya cire ta, in wani abu ya same shi ta ina zan buɗe? Ya ce ba a taɓa yin jirgin nutso da ake buɗe ƙofarsa daga waje ba, sai in ana so ruwa ya shiga. Na nuna masa cewa babu ruwa a Waziriyya sai wanda muka saya. Bai cire ba.

Sai atisaye. Muna zaune ana cin abinci sai ya daka tsawa, ya ruga ya faɗa rami, ni in ja tabarma in rufe murfin, in mirgino turmi in ɗora, in kama daka kamar ba abin da ya faru. In ya fito ya ce mun yi nawa, da Jamusawa ne da tuni an harbe mu. Muka shirya alama: in na buga taɓarya a jikin bututun iska, shi zai juya bututun leƙe, in san yana lafiya. Ya tara guzuri a ciki, dabino da gorar ruwa da tocila da carbi. Na leƙa wata rana na ga ƙaramin rishonsa da buta a lungu. Na fito da su. Washegari suka koma. Na sake fitarwa, na tuna masa maganarsa ta hura wuta. Ya rantse ba zai kunna ba, wai ganinsu kawai yana kwantar masa da hankali. Na ɓoye rishon a ɗakin girki, na ɗauka na yi nasara.

Sirri a layinmu ba ya kwana. Kafin mako ya zagayo dattawan majalisa sun fara zuwa ziyara, su sauka ɗaya bayan ɗaya su leƙa ta bututu su gan ni ina wanke-wanke, su yi ta mamaki kamar ba su taɓa ganin mace da kwano ba. Wani tsoho ɗan Cadi mai sayar da tsire ya nemi a ajiye masa wuri. A nan sunan Kyaftin ya kama shi, kuma bai taɓa nuna ya ji haushi ba, har wata tafiya ya sauya. Sau biyu aka yi ƙararrawar ƙarya ya nutse, sau ɗaya ma mai karanta mitar lantarki ne. Ya fito yana cewa ko ba komai jirgi ya gwada kansa.

Ranar gaskiya ta zo a tsakiyar zafi. Bayan sallar asuba aka ce an tare bakin layi ta gaba da baya, gida-gida ake bi. Maigidana ya nutse, na ji ƙarar sakata, na ja tabarma na ɗora turmi. Manyan yaran sun tafi makaranta, daga ni sai ta goye. Layin ya yi tsit, ba namiji ko ɗaya a waje, sai mata a bakin ƙofa kowa tana nuna ita ba ta san komai ba. Gidanmu yana can ƙarshe, aikin kuma a hankali suke yin sa. Hantsi ya yi, rana ta ɗaga, ba su iso ba. Ina buga bututu lokaci-lokaci, madubina yana juyowa ya dube ni.

Ana gab da azahar suka ƙwanƙwasa. Su uku ne, babbansu mai furfura a gemu, da samari biyu da gumi ya jiƙa wa riga. Ba su yi mini rashin mutunci ba. Babban ya karɓi takarduna yana dubawa, samarin suka leƙa ɗakuna da bayi da rufi. Ya tambaye ni ina mijina, na ce ya fita, wanda in aka bi ta wata hanya ba ƙarya ba ce, tunda ba ya cikin ɗaki. Ya roƙi ruwan sha. Na juya zan ɗebo, sai na ga wani siririn farin hayaƙi yana fitowa daga bututun iska, daidai bayan kansa.

Na san warin rishon nan kamar na san kukan 'yata. Ashe tuni ya gano inda na ɓoye shi. Mutum ya yi rabin yini ba shayi, ya leƙa ya ga shiru, ya ce bari ya ɗan ɗora buta. Ba zan ɓoye ba, a wannan lokacin da zan iya kai hannu gare shi, da masu kame ne za su cece shi daga gare ni. Na shiga ɗaki da sauri na zuba turaren wuta a kasko, na zo na dire a gindin bututun, na ce wa baƙin gidan ne yake warin kifi. Hayaƙi ya haɗu da hayaƙi. Babban ya ce masha Allahu, turaren mutanenku ba shi da na biyu, ko da yake akwai ɗan warin kananzir a cikinsa. Na ce haka ake haɗa shi yanzu.

Ya sha ruwa, ya miƙo mini takarduna, ya ce halas, wato an gama. Suka nufi ƙofa. Mun tsira ke nan. Na jingina taɓarya a jikin bututun kamar ajiye ta nake yi, na buga. Bututun leƙe bai motsa ba. Na sake bugawa da ƙarfi. Madubin yana nan yana kallon bango, hayaƙin kuma ya ƙara kauri.

Na ture turmin na ja tabarma na kama murfin, ko gezau. Sakata tana ciki. Ko babu sakata ma, ba ni da abin da zan ɓalle ƙarfe da shi, kuma duk namijin da ke layin nan yana kan rufi ko cikin abaya. Maza uku ne kawai suke tsaye da ƙafafunsu a unguwar, ga su can suna fita daga ƙofata, kuma su ne mutanen da muka yi wata da watanni muna gina ramin nan dominsu. Na san abin da zai biyo baya in na kira su. Na ga jirgin sama, na ga yarana ba uba a gida. Ban tsaya dogon tunani ba, don ba a ba ni lokacinsa ba.

Na bi su har titi ba ko mayafi a kaina. Na ce wa babban, ina kiransa baffa da Larabci, "Ya ammi, mijina yana cikin tanki. Ku zo ku fito mini da shi, ku tafi da shi inda kuka ga dama, amma da ransa."

Ya dube ni, ya dubi hayaƙin da ke tashi ta saman katanga, ya ce wa samarin, "Yalla, maza." Ɗaya ya ruga mota ya ɗauko ƙarfen cire taya. Suka danna suka ɓalle murfin da sakatar gaba ɗaya, hayaƙi ya bugo su har suka ja baya. Ƙaramin cikinsu ya ɗaure hanci da hularsa ya sauka, ya turo maigidana sama kamar buhun gero. Jikinsa ya saki, idonsa a rufe. Suka shimfiɗe shi a inuwa, ina zuba masa ruwa ina kiran sunan Allah, babban yana yi masa fifita da takardun aikinsa. Can sai ya yi tari, ya yi amai, ya buɗe ido. Ya ga kaki a kansa. Ya juyo ya dube ni, ya ce, "Wa ya buɗe ƙofa?"

Na ce, "Ni ce."

Ya kau da kai. Babban kuwa, da ya tabbata mutum ya dawo, sai ya sauka ramin da kansa. Muna jin sa yana juya bututun leƙe, madubina ya zagayo ya tsaya a kanmu. Ya fito yana dariya har da share hawaye, ya ce shekara da shekaru yana wannan aiki, ya fito da mutane daga firji da cikin tanda, bai taɓa kama gawwasa ba sai yau, wato jirgin nutso da Larabci. Ya ce da ikonsa ne da ya bar shi, amma an riga an gan shi. Suka fara kai shi asibiti. Babban ya bar ni na haɗa wa maigidana kaya, har da butar shayin, wadda suka tarar ko tafasa ba ta yi ba.

An mai da shi Nijar. Abin da muka ɗauka na watanni ne ya zama na shekaru. Na yi wankau, na soya gyaɗa na sayar a bakin makaranta, yayana ya riƙe mu iya ƙarfinsa. Na yi kuka a ɗakin girki ba sau ɗaya ba, kuma na yi kewar cokulan nan a kan tabarma, abin da ban taɓa zaton zan faɗa ba. Wasu matan layi suna cewa da na ɗan jira, wataƙila da ya farfaɗo da kansa. Ban taɓa amsa musu ba. Masu zuwa aikin hajji suna kawo mana labarinsa, wai yana can yana gyaran famfon burtsatse, kuma duk ƙauyen, mutanen da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, sun haddace yadda aka nutsar da jiragen Ingila uku. A saƙonsa yana gaida kowa da kowa, yana tambayar yara. Maganar murfi bai taɓa tayar da ita ba, kuma wannan shirun ya fi damuna fiye da faɗa.

Da Allah ya yi, wani ɗan kwangila da ya san aikinsa ya nema masa sabuwar biza. Ya dawo da furfura, ya rame. Ƙaramar da ya bari a goye ta ɓuya a bayana tana tambayata da Larabci wane ne wannan. Mai gidan ya riga ya cike tankin da ƙasa ya shafe da siminti, maigidana ya tsaya a wurin ya ɗan daddanna da ƙafa, ya wuce ɗaki.

Da yamma aka kawo abinci, sai ya miƙa hannu ya tattara cokula. Manyan yaran suka dubi juna. Ya jera jiragen Ingila, ya karɓi ludayina, ya ba ƙaramar labarin tun daga kananzir har safiyar nan, da Hausa, tana fahimtar rabi. Da ya zo inda ya saba tsayawa, na miƙa hannu zan karɓi ludayin in zuba miya, sai ya riƙe. Ya ce mata labarin bai ƙare ba. Ya ce daga baya jirgin ya tsufa, mutanensa da kansu suka miƙa shi ga abokan gaba, aka yanyanka shi. Yarinyar ta tambaya ko an ci su da yaƙi ke nan.

Ya ce, "An ci su. Amma mai injin ya koma gida, ya ci tuwo da iyalinsa."

Sannan ya miƙo mini ludayin, ba tare da ya dube ni ba, ya ce in ƙara masa miya.